Ƙafar Tankin Ruwa a Katsina: Nazarin Waldar da Aka Ɗora wa Tsinke Laifi

Aikin ba wani babba ba ne. Ƙafar ƙarfe ce mai tsayin mita uku da za a ɗora wa tankin roba mai cin lita 1,000, a tsakar gidan wani magidanci a Sabuwar Unguwa cikin Katsina. Maigidan ya taɓa zaman shagon walda yana saurayi, yana kuma da ƙaramar inbata, wato injin walda irin wanda ake ratayawa a kafaɗa, sai ya ga ba dalilin kai aikin waje. Ƙafafu huɗu na sabon angul ne mai faɗin milimita 50 da kaurin 5. Ƙarafan da za su gicciya su riƙe ƙafafun kuwa angul ne mai faɗin 40 da kaurin 4, wanda ya samo wurin 'yan gwangwan da tsatsarsa da tsohon fentinsa. Tsani da ɗan shingen sama na faif ne mai kusurwa huɗu, faɗin 25, kaurin bangonsa milimita 1.2 kacal. A watan Agusta aka yi aikin, tsakiyar damina.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tanki cike tan guda ke nan a saman tsakar gidan da yara ke wasa, kuma duk nauyin nan a kan waldar yake dogaro. Shi ya sa bai kamata a ɗauki abin da ya faru da wasa ba.

Tsinken walda, wato ilaktirod, yana ta mannewa a jikin ƙarfe da zarar an taɓa, sai an murɗe shi da ƙarfi kafin ya saki. Inda wutar ta kama, in aka ɓare ɓawon da ke rufe saman waldar sai a tarar da ƙananan ramuka a jere. A kan faif ɗin tsani kuma, maimakon haɗi sai ɓula. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne wani gicciye da aka gama, waldarsa ta yi kyau a ido, aka buge shi da hama sau biyu ya cire ɗungurungum. Maigida ya yanke hukuncin cewa tsinken jabu ne. Ya sayo na wani kamfani dabam, abin bai canza ba sai kaɗan. Wani abokinsa ya ba shi 'yan tsinkaye masu lamba E7018, ya ce su ne na manyan ayyuka, sai lamarin ya ƙara lalacewa: waɗannan ko kamawa ba su yi.

Inda aka fara dubawa

Da ya kira wani tsohon mai walda na unguwar, mutumin bai fara da kwalin tsinke ba. Ya sa maigida ya ƙona tsinke ɗaya a kan guntun ƙarfe, sannan ya bi wayoyin yana dafawa da bayan hannu. Abin da ya faɗa gajere ne: "Alhaji, wutarka a hanya take ƙarewa."

Wayar as, wadda ake maƙala wa ƙarfen da ake aiki a kai don wutar ta koma inji, ba ta kai wurin aikin ba. An yi mata ƙari da guntun rodi, an jingina bakinsa a kan ƙafar tankin daidai wurin da ke da jan fenti. Kilif ɗin kansa ya saki, rabin silin wayar ya tsinke a gindinsa, wurin yana zafi kamar zai ƙona hannu. Lissafin abin mai sauƙi ne. Harshen wutar walda a amfiya 110 yana aiki da bolt kusan 24. In mummunan haɗi ya kawo tirjiya ko da ta ohm 0.05, bolt biyar da rabi sun tafi a nan, kuma zafin da ke tashi a wurin ya kai wat 600. Inbata takan yi ƙoƙarin cike giɓin, amma haɗin da ke rawa yana kamawa yana saki, shi ke sa wuta ta mutu a daidai lokacin da ake son ta tashi. Aka yanke bakin wayar, aka fere sabon wuri, aka ɗaure shi da noti, aka jefar da rodin, aka goge wuri da giranda har ƙarfe ya yi fari kusa da inda ake walda, aka maƙala kilif a nan. Rabin mannewar ta tafi tun kafin a taɓa wani abu.

Sauran rabin yana ɓangaren wutar da ke shiga injin. Inbatar na shan wuta ta doguwar waya mai mita 30, siririya mai kaurin murabba'in milimita 1.5, rabinta ma a naɗe take a kan faifanta. Ƙaramar inbata da ke ba da amfiya 110 tana jan kusan amfiya 20 daga soket. Wayar tagulla mai 1.5 tana da tirjiyar kusan ohm 0.012 a kowace mita, zuwa da dawowa mita 60 ke nan, don haka bolt 14 ko 15 suna zubewa a hanya, wayar kuma tana ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta. In an yi amfani da mai kaurin 4, asarar ba ta kai bolt 6 ba. Maigida kuma da yamma yake aikin bayan ya taso daga ofis, lokacin da kowane gida ya kunna kayan wuta. Ya kamata wutar gida ta kasance bolt 230, amma da aka sa mita a soket ɗin da magariba ƙasa da 190 take nunawa, tana ƙara faɗuwa da zarar tsinke ya taɓa ƙarfe. Maganin bai ci kuɗi sosai ba: aka matso da aikin kusa da soket, aka warware wayar gaba ɗaya, aka mai da walda aikin safe. Wanda zai koma janareto ya sani cewa tsinke geji 10, wato mai kaurin milimita 3.2, yana son mai kVA biyar zuwa sama. Ƙaramin janareton kunna fitila da fanka ba zai riƙe ko geji 12, wanda ya fi shi siranta, ba.

Tsinken kansa

Sai bayan nan aka zo kan kwalin. E6013 ne geji 10, wato milimita 3.2, irin da ya cika shagunan kayan gini. Lambar tana da ma'ana: 60 na nufin waldarsa na jure jan da ya kai nauyin fam dubu sittin a kowane murabba'in inci, 1 na nufin ana iya walda da shi a kwance, a tsaye da sama da kai, 3 kuma irin hodar da ke jikinsa ce, wadda ke aiki da injin walda na tiransifoma da na inbata duka. Tsinke ne mai sauƙin kai, mai saurin kamawa, amma wutarsa ba ta nitsewa can cikin ƙarfe.

An buɗe kwalin tun bazara, aka ajiye shi a ƙasan sito kan daɓen siminti, gindin bangon da ke jan danshi. Hodar jikin tsinke ita ce ke ƙonewa ta zama hayaƙin da ke kare narkakken ƙarfe daga iska, ta kuma bar ɓawo a kansa har ya huce. In ta sha laima, ruwan yakan koma tururi a cikin wutar, iskar ta maƙale a cikin ƙarfen yayin da yake daskarewa. Ramukan nan ke nan. Alamun sun bayyana a hannu: na ƙasan kwalin sun yi fari-fari, bakin ƙarfensu ya yi tsatsa, in aka murza da yatsa hodar na zuba. In aka ɗebi biyar aka kaɗa a tafin hannu, busassu na yin ƙara mai kaifi, masu laima kuwa ƙararsu a dushe take. A wuta ma ana ganewa, mai laima yana tartsatsi da yawa, yana furzar da tururi, hodarsa na faɗuwa gutsure-gutsure.

Aka ware su kashi biyu. Duk wanda hodarsa ta tsage ko ƙarfen cikinsa ya yi tsatsa aka zubar, don gashi ba ya gyara shi. Sauran aka gasa su a zafin digiri 100 zuwa 110 na kamar sa'a ɗaya, wanda ya ishi E6013. Dabarar nan da wasu ke yi ta manna tsinke da gangan a jikin ƙarfe har ya yi zafi ya fitar da tururi tana busar da shi, amma tana gasa hodar fiye da kima, ƙarshensa sai ya riƙa ci ta gefe ɗaya. Ɗora su kai tsaye a kan garwashi ma haka. Wurin ajiya kuwa, guntun faif ɗin roba na inci huɗu mai tsawon santimita 40 da murfi a kowane baki ya wadatar, a rataye shi nesa da ƙasa.

Maganar E7018 dabam ce, kuma a nan mutane da yawa ke yaudarar kansu. Gaskiya ne ya fi ƙarfi, gaskiya ne shi ake sa wa manyan gine-ginen ƙarfe. Amma darajarsa duka tana cikin bushewarsa. Ƙa'idar aikin gini da ƙarfe ta Amurka ba ta yarda ya wuce sa'a huɗu a fili bayan an buɗe gwangwaninsa ba, a ajiye shi kuma cikin tanda mai digiri 120 ko fiye. In ya sha laima sai an sake gasa shi a zafin da ya kai digiri 260 zuwa 430, abin da tandar girki ba ta kaiwa. Tsinken da aka sayo ɗai-ɗai a buɗe, ya yi damina a aljihun mota, ya riga ya rasa abin da ake nemansa dominsa. Ga shi da wuyar kamawa: yana son holda, wato mariƙin tsinke, a kan waya mai alamar +, yana son amfiya sama da ta E6013, kuma duk lokacin da aka tsaya bakinsa yakan rufe da wani ɓawo mai santsi da sai an fasa kafin ya sake kamawa. A kan tsohuwar tiransifomar da wutar bakinta ba ta wuce bolt 50 ba, da ƙyar yake tashi. Ga angul mai kaurin 4 da 5 na ƙarfen gini na yau da kullum, busasshen E6013 a hannun da ya iya ya fi jiƙaƙƙen E7018 nesa ba kusa ba. Aka mayar wa abokin kayansa.

Gicciyen da ya cire

Wannan shi ne zuciyar lamarin, don mannewa da ramuka ana ganinsu, wannan kuwa ɓoye yake. Da aka duba wurin da ya ɓalle, sai aka ga ƙarfen walda ya zauna a gefen nan, ya zauna a gefen can, tsakiyar kusurwar kuma baƙin ɓawo ne tun daga farko har ƙarshe. Ƙarafan biyu ba su taɓa narkewa sun haɗu ba. A wasu wuraren ma ana iya ganin tsohon fenti a ƙarƙashin waldar.

Abu uku ne suka taru. Na farko, da maigida ya ga faif na ɓulewa sai ya rage wuta zuwa amfiya 75, ya kuma bar ta a haka ya koma kan angul. Geji 10 yana son 90 zuwa 130, a kusurwar ƙarfe mai kaurin 5 kuma sai an kusanci 115 ko 120, domin kusurwa tana shanye zafi ta ɓangarori da yawa. Na biyu, tsoron mannewa ya sa yana ɗaga tsinke nesa da ƙarfe, kuma yana riƙe shi a miƙe tsaye. E6013 yana da ɓawo mai yawa mai gudu. In wuta ta yi sanyi, tazara ta yi tsawo, ɓawon yakan riga ƙarfe shiga kusurwa, sai a yi ta zuba ƙarfe a kansa. Na uku, ba a goge tsatsa da fenti ba.

Gyaran hannu aka fi daɗewa a kai. Tazarar bakin tsinke da ƙarfe kada ta wuce kaurin ƙarfen cikin tsinken, kamar milimita uku, a kusurwa ma har hodar na iya gogar ƙarfen. A raba kusurwar biyu daidai, a kwantar da tsinke digiri 10 zuwa 20 zuwa inda ake tafiya, a ja shi, kada a tura, don ƙarfin wutar ya riƙa kora ɓawo baya. Ido kuma ya bar kallon hasken, ya koma kan narkakken ƙarfen da ke bayansa: ƙarfe ya fi haske da sheƙi, ɓawo ya fi duhu yana yawo a sama. In aka ga ɓawo ya sha gaban tsinke, a ƙara kwantar da shi ko a ƙara wuta. Kunne ma na taimakawa, wutar da ta daidaita tana yin ƙara a jere kamar an jefa ƙosai a tafasasshen mai, ba fashe-fashe ba. Duk wannan ba ya yiwuwa da baƙin tabarau na kasuwa. Sai da gilashin walda lamba 10 ko 11 ake rarrabe ƙarfe da ɓawo, ban da cewa tabarau ba ya hana ciwon idon da ke tashi cikin dare bayan aiki.

Akwai wani ma'auni da ke tona asirin gaggawa. Tsinke geji 10 mai tsawon santimita 35, in aka ƙona shi har saura ɗan guntu, waldar kusurwa mai faɗin milimita 4 zuwa 5 da zai bayar ba ta wuce santimita 15 zuwa 22 ba. Maigida yana samun kusan ninki biyu na haka daga tsinke ɗaya, yana ganin tattali yake yi.

Kada kuma a dogara da lambar da ke kan allon inji, musamman ƙananan inbata masu arha, don sau da yawa abin da suke nunawa ya fi abin da suke bayarwa. Tsinken ne ke faɗin gaskiya. In yana mannewa, walda ta taru ta yi tudu, ɓawo na wuyar ɓarewa, wuta ta yi kaɗan. In ya yi ja tun bai kai rabi ba, tartsatsi ya yi yawa, gefen walda ya zaizaye ya bar kwari, ta yi yawa. In ta daidaita, ɓawon E6013 yakan ɗago da kansa yayin da yake hucewa.

Kafin a sake taɓa ƙafar tankin, sai da aka yi gwajin karyawa. Aka ɗauki guntaye biyu na angul ɗin, aka goge, aka haɗa su a tsaye ɗaya kan ɗaya, aka yi walda ta gefe ɗaya kawai tsawon santimita biyar, aka ɗaure a bais, wato ƙarfen da ke matse aiki ya riƙe shi, aka buga da hama ta yadda ƙarfen zai kwanto kan waldar. Gwajin farko ya ɓalle da baƙin layi a gindinsa. Da aka kai amfiya 115 aka rage tazara, sai ƙarfen ya lanƙwashe kafin waldar ta tsage, cikinta kuma fari fat har cikin kusurwa. Daga nan aka yanke shawarar da maigida bai so ba: duk waldar da aka yi a baya a cire ta da giranda har a ga farin ƙarfe. Ɗora sabuwa a kan tsohuwa rufe ɓawo ne kawai, ba ya ƙara ƙarfin komai. Aka goge santimita biyu zuwa uku a kowane gefen haɗi, aka kwantar da ƙafar a ƙasa ana juya ta don yawancin waldar ta zo a kwance. 'Yan wuraren da dole sai a tsaye, aka rage wuta da kamar kashi goma cikin ɗari, aka hau daga ƙasa zuwa sama.

Faif ɗin tsani

Nan ba wani sirri. Tsinke mai kaurin 3.2 a kan bango mai 1.2 ɓula ce kawai, ko a hannun wa. Aka koma geji 14, wato milimita 2.0, a amfiya 40 zuwa 55. In babu shi, geji 12 a kusan 60 zai yi da lura. Aka mai da holda kan waya mai alamar −, wanda ke rage nitsewar wuta. Aka yanka faif ɗin ya zauna cif ba giɓi, domin giɓi shi ke fara ɓulewa. Walda kuma ɗigo-ɗigo: a ɗiga, a ɗaga, a jira jan ya dushe, a ɗiga na gaba ya hau rabin na baya. Inda faif ya haɗu da angul, a nufi angul da wutar, a bar narkakken ƙarfe ya gangaro ya kama faif.

Duk da haka, matakan tsanin aka canza su zuwa rodi mai milimita 16, domin bango mai 1.2 da ruwan sama zai riƙa shiga ba abin da babban mutum zai taka a tsayin mita uku ba ne bayan 'yan shekaru. Faif ɗin ya tsaya a shingen sama. Wani guntun faif mai farin rufin zinki da aka so a yi marikin hannu da shi, sai da aka goge rufin a wurin haɗi. Zinki yana tafasa a digiri 907, ƙarfe kuwa sai kusan 1,500 yake narkewa, don haka yakan tashi ya huda waldar, farin hayaƙinsa kuma yana sa zazzaɓi da ciwon jiki. A fili aka yi wannan, iska na kaɗa hayaƙin gaba.

Da aka gama, aka ɓare ɓawo duka, aka bi kowane haɗi da buroshin waya da tocila ana neman rami, tsaga ko zaizayar gefe, aka buga kowane gicciye da hama. Ba a shafa fenti ba tukuna, don fenti na ɓoye tsaga. Aka kafa ƙafar a kan siminti, aka ɗora tanki, aka zuba ruwa rubu'i, aka duba, aka kai rabi, aka girgiza ta daga kowane ɓangare, sannan aka cika. Tankin ya kwana cike, da safe aka sake bin haɗe-haɗen ƙasa da na gicciye ɗaya bayan ɗaya, sannan aka shafa jan fentin hana tsatsa hawa biyu, aka toshe bakunan faif ɗin shinge don kada ruwan sama ya taru a ciki.